Jaket ɗin fata irin na da: awo, zubi da yadda fata ke kwanciya a jiki

Tambaya: Ina son a ɗinka mini sabon jaket na fatar doki a zubin na shekarun 1930 zuwa 1950. Ƙirjina santimita 102 ne, tsayina mita 1.78. Mai ɗinkin yana wata ƙasa, awo kawai zan tura masa. Yaya ya kamata ya zauna mini, wane zubi zan zaɓa, kuma da gaske ne in ya matse zai buɗe idan na jiƙa shi ko na shafa masa mai?

Amsa: Malam, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don a kanta aka fi yin asara. Fata tana laushi, tana lanƙwasa, tana ɗaukar siffar mai ita, amma ba ta ƙara girma yadda ake faɗa. Inda jiki ke turawa kullum, kamar gadon baya da gwiwar hannu, takan ɗan saki, abin da da wuya ya wuce santimita ɗaya a fatar doki. Zaren ɗinki ba ya miƙewa, shafin ciki ma haka. Jaket ɗin da kafaɗarsa ta yi maka kaɗan ranar da ya iso, haka za ta kasance bayan shekara biyar. Kuma fata ba yadi ba ce: duk inda allura ta shiga ta bar rami ke nan har abada. Shi ya sa ana iya rage jaket amma ba a iya buɗe shi. Duk aikinka yana gabanin a sa wa fatar wuƙa.

Kada ka tura awon jikinka kaɗai. Ka nemi wani jaket da kake da shi wanda ya zauna maka daidai, ko da na yadi ne mai ɗan kauri irin na jins, ka rufe zif ɗinsa ko maɓallansa, ka shimfiɗa shi a kan tebur, ka auna shi da tef. Ka tura awon jiki da awon rigar duka biyu, ka rubuta a fili wanne ne wanne. Masu ɗinki a Amurka da Birtaniya da inci suke aiki, inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka ƙirjinka inci 40 ne a wajensu. Amma kada lambar da ke jikin riga ta ruɗe ka. Lamba 40 ta masu ɗinkin Japan takan fi ta Sikotilan tsukewa, kuma ko a gida ɗaya zubi biyu masu lamba ɗaya sukan bambanta. Awo biyar ne abin dogaro: hammata zuwa hammata, faɗin kafaɗa, tsawon hannu, tsawon baya, da faɗin ƙasan riga.

A ƙirji kana bukatar sarari na santimita 10 zuwa 14 a kan awon jikinka. Ga mai ƙirji 102, zagayen rigar zai kama 112 zuwa 116, wato daga hammata zuwa hammata 56 zuwa 58 in an shimfiɗa ta. Da 56 za ka sa shi a kan riga mara kauri, ya kama jiki irin yadda ake gani a tsofaffin hotuna. Da 58 suwaita za ta shiga. Ka yanke shawara tun yanzu a kan me za ka riƙa sa shi, domin jaket ɗaya ba ya yin duka biyu yadda ya kamata. Ka tuna kuma awon nan daga waje ake ɗaukarsa: fata mai kauri da shafi mai nauyi, irin na ulu ko mai auduga a ciki, suna cinye santimita 2 zuwa 3 na sararin da kake lissafi da shi.

Kafaɗa ita ce wurin da ba ya gyaruwa. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki ya faɗo daidai kan ƙashin ƙarshen kafaɗarka, ko ya wuce shi da ɗan kaɗan. Mai ƙirji irin naka yakan faɗa tsakanin 45 da 47, amma wannan jikinka ne zai faɗa, ba ni ba. In ta yi faɗi da yawa, fata mai tauri ba ta zubowa kamar yadi, sai ta tsaya a iska ta yi kusurwa. In ta yi kaɗan, kan hannun zai haye saman kafaɗa ya riƙa jan kwala baya. Ka tambayi mai ɗinkin yadda yake aunawa: wasu a miƙe suke ja daga ɗinki zuwa ɗinki, wasu suna bin lanƙwasar da ke ƙarƙashin kwala, kuma bambancin yakan kai santimita ɗaya zuwa biyu. Haka ma hannu, wani yana aunawa a miƙe, wani yana bin lanƙwasar waje. Mutum biyu na iya faɗin lamba ɗaya alhali suna nufin riguna biyu daban.

Hannu da kafaɗa tare ake lissafa su. In ka ƙara santimita 2 a faɗin kafaɗa, kowane hannu ya sauko da santimita ɗaya ke nan ko ba ka taɓa shi ba. Sannan ka ƙara santimita 1.5 zuwa 2 a kan tsawon da kake so a ƙarshe, saboda karin da zai fito a gwiwar hannu yana janye hannun sama, kuma fata mai kauri ta fi janyewa. Sabon jaket ya kamata bakin hannunsa ya sauka har gindin babban yatsa in ka saki hannuwanka, don bayan ya karye ya dawo kan ƙashin wuyan hannu. In zubin mai saƙar ulu ne a bakin hannu, kada a wuce gona da iri: hannun da ya yi tsawo yana haɗiye saƙar ta shige ciki, ta riƙa gogar bakin fata har ta tsinke.

Tsawon baya shi ne inda masu sayen farko suka fi tsorata. Rigunan wancan zamani gajeru ne domin wandunan lokacin a cibiya ake ɗaura su. Ana aunawa daga ɗinkin gindin kwala zuwa ƙasan riga, kuma ga tsayinka 62 zuwa 65 ne ya fi yawa, gwargwadon tsawon gangar jikinka. Abin nema shi ne ƙasan jaket ya rufe bel ɗinka, ba ya rufe aljihun wando ba. Idan wandunanka duk masu zama ƙasa da ƙugu ne, rigar ciki za ta riƙa leƙowa, sai ka ga kamar jaket ɗin ne ya ɗangale. A ganina canza wando ya fi sauƙi kuma ya fi kyau da a ja jaket ƙasa. Wanda ya yi tsawo, da zarar ka zauna sai cinya ta tura shi sama, kwala ta tokare maka haɓa, zif ya yi tudu a ciki.

Faɗin ƙasa kuwa kusan kowa yana mantawa da shi. Ka auna zagayen jikinka a daidai inda rigar za ta tsaya, a kan wando da bel, ka ƙara santimita 4 zuwa 6. Zubin 'yan babur yana tsukewa sosai daga ƙirji zuwa ƙugu, har bambancin ya kai santimita 5 ko 6 a shimfiɗe. Mai ɗan tumbi zai ga ƙirji ya yi cif amma zif ya ƙi haɗuwa tun daga ƙasa.

Akwai abubuwa uku da tef ba ya nunawa, kuma su ne ke raba ɗinki mai kyau da na jeka-na-yi-ka. Na farko zurfin hammata. Mutane suna zaton hammata mai zurfi ta fi sakewa, alhali akasin haka ne: in ramin hannun ya sauko ƙasa, duk sanda ka ɗaga hannu sai rigar gaba ɗaya ta biyo shi sama. Hammatar da ta hau sama, kusa da jiki, ita ke barin hannu ya motsa shi kaɗai, ko da yake a makon farko za ka ji tana taɓa ka. Na biyu karkatar hannu: na 'yan babur an karkato shi gaba don riƙe kan babur, shi ya sa in kana tsaye yakan yi ɗan tattara a bayan damtse, kuma wannan ba aibi ba ne. Na uku gangaren kafaɗa. Mai kafaɗa a miƙe in ya sa rigar da aka yanka wa mai zubabbiyar kafaɗa, fata takan taru ta yi tudu a ƙarƙashin kwala ta baya. Don haka ka haɗa da hotuna uku, gaba da gefe da baya, cikin riga mara kauri, kana tsaye yadda ka saba tsayawa, ba tare da ka turo ƙirji ba. Idan mai ɗinkin yana aika rigar gwaji, ta yadi ko ta fata, ka karɓa ko da zai ƙara maka jira.

Batun zubi, kowanne an yi shi ne don wani aiki, kuma aikin ne ya ba shi siffarsa. A-2, wanda sashen jiragen sama na sojin Amurka ya amince da shi a 1931, yana da kwala irin ta shat, aljihu biyu masu murfi, saƙar ulu a ƙugu da bakin hannu, da baya na fata guda ɗaya ba tare da wani ninki ba. Saboda bayan nan, shi ne ya fi kowanne rashin yafiya: in ya tsuke, miƙa hannu gaba sai ya zama aiki. Kamfanoni da dama ne suka ɗinka wa soja shi, irin su Rough Wear da Dubow da Bronco, kuma yankansu ya bambanta a kwala da faɗin jiki, don haka ka tambaya wanne ake kwaikwayo. Na sojin ruwa, M-422A na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wanda ya zama G-1 daga 1947, fatar akuya ce da kwala mai gashin tunkiya, da ninki biyu a bayan kafaɗa masu buɗewa in ka miƙa hannu. Shi ya sa yana iya kama jiki sosai amma bai hana motsi ba.

Na babur mai zif a karkace, wanda kamfanin Schott na New York ya fito da shi da sunan Perfecto a 1928, da irin su J-24 na Buco a Detroit, gajere ne kuma dole ya kama jiki don iska kada ta shiga. In ya yi sako-sako ya rasa kyansa gaba ɗaya. Mai gajeriyar kwala a tsaye da zif a miƙe, irin J-100 na Buco, ba shi da ado ko kaɗan, saboda haka duk kuskuren awo a fili yake. Sai mai rabin bel a baya, rigar farar hula ta shekarun 1930, mai ɗan ninki sama da bel ɗin da madauri a gefe biyu na ƙugu. Ga wanda zai yi oda daga nesa karon farko, wannan nake ba da shawara. Madaurin gefen yana ba ka damar rage ko ƙara santimita kaɗan, ba shi da saƙar da za ta lalace, kuma yana shiga da kaya iri-iri.

Abu ɗaya da nake roƙonka: ko da mai ɗinkin ya ce maka komai ana iya canzawa, kada ka canza komai da komai. Santimita 2 zuwa 3 a hannu ko a tsawo ba matsala. Amma in ka ja Perfecto ƙasa da santimita 7, ka ƙara aljihu, ka ɗauko kwalar wani zubi ka ɗora, aljihunan za su tashi daga inda ido ke neman su, rigar ta fito ba ta kowa ba, kuma galibi ba a karɓar irin wannan in ka ce za ka mayar. Idan zubi yana bukatar gyara mai yawa kafin ya yi maka, ba naka ba ne, ka duba wani.

Yanzu fatar kanta, domin ita ce ke yanke tsawon lokacin da za ka jira. Ana auna kaurinta da oza ko milimita. Oza ɗaya kusan milimita 0.4 ce. Oza 2.5 zuwa 3, wato milimita 1.0 zuwa 1.2, ta isa jaket na yau da kullum, kuma rigunan asali na matuƙa jirgi ba su da kaurin da ake zato. Oza 3.5 zuwa 4, milimita 1.4 zuwa 1.6, nauyi ne na gaske, jaket ɗin yana iya tsayawa da kansa a ƙasa. Da yawa suna zaɓar mafi kauri don burgewa, sai rigar ta ƙare a rataye saboda ba ta sawuwa. Fatar doki ta sashen gaba, wadda masu ɗinki ke taƙaita sunanta da FQHH, ƙwayarta, wato zanen fuskarta, a matse take, tana yin kari mai kaifi da sheƙi. Ta bijimi ta fi yin kari mai faɗi da taushi. Ta akuya ba ta da nauyi, tana da ƙarfi ƙwarai, tana laushi da wuri, amma takan daɗe ba ta nuna tsufa ba.

Jima ma tana da nata. Wadda aka jeme da sinadarin kuromiyam ta fi jure ruwa da saurin sakewa. Wadda aka jeme da ɓawon itatuwa, irin da majemar Shinki da ke Himeji a Japan da majemun Tuskani a Italiya suka shahara da ita, ta fi tsayawa da farko, tana riƙe kari, launinta yana ƙara duhu da rana da hannu, kuma ruwa yana iya bar mata tabo. Chromexcel ta kamfanin Horween na Chicago haɗi ce: kuromiyam da farko, sannan jimar itace, sannan a ɗura mata mai da kaki da zafi. Shi ya sa take sandarewa a sanyi, ta saki da ɗumin jiki. Ka tambayi kuma yadda aka gama fuskar. Rini zalla yana nuna ƙwayar fata da kowane ƙarzane. Mai fenti a sama ta fi jure tabo. Akwai wadda aka yi wa baƙi a sama alhali cikinta ruwan ƙasa ne, da gangan, don gefuna su goge launin ciki ya fito. In ba ka son wannan kamar, ka ce a ba ka wadda rini ya ratsa.

Zif ɗin da aka kwaikwayo na da, irin su na kamfanin Talon lamba 5 (lambar girman haƙoransa take nunawa), yana da kyan gani amma ba ya son gaggawa a fata mai kauri. Ka tabbatar ƙarfen ƙasa ya shige gurbinsa har ƙarshe kafin ka ja, ka riƙe ƙasan rigar da ɗaya hannun. Yawancin zif ɗin da ke mutuwa a nan suke mutuwa. Ga fata mai nauyi, lamba 8 ko 10 ta fi kwanciyar hankali.

Ranar da ya iso, kada ka lanƙwasa hannu da ƙarfi sai ka gama dubawa, don kari in ya fito ba ya komawa, kuma rigar da ta karye ba a mayar da ita. Ka fara auna shi a shimfiɗe ka gwada da abin da kuka yi yarjejeniya. Bambancin santimita ɗaya abu ne da aka saba a aikin hannu. Sannan ka sa shi a kan rigar da ka yi niyya, ka rufe zif har sama. Abin da kake son ganewa shi ne bambancin tauri da matsi. Tauri shi ne ka ji rigar tana gardama ko'ina daidai wa daida, amma kana numfashi sosai kuma tafin hannunka yana shiga tsakanin ƙirji da zif. Wannan zai wuce. Matsi kuwa yana da wuri takamaimai: layukan ja suna fita daga zif zuwa hammata, layi a kwance tsakanin allunan kafaɗa, hammata tana yanka har yatsu su fara sanyi, ko ka kasa kai hannu biyu gaba kamar mai riƙe sitiyari. Wannan ba zai wuce ba. In kuma ka ga ninki a tsaye yana saukowa a baya kusa da hammata ko ka saki hannu, faɗi ne ya yi yawa, kuma zai ƙara bayyana in fatar ta yi laushi.

In awo ya yi, sauran aikin sawa ne kawai. Ka sa shi awa biyu ko uku a rana, har a cikin gida, zif a rufe, kana zama kana tashi, kana tuƙi, kana miƙa hannu. Ɗumin jiki yana sassauta man da ke cikin fatar, motsi kuma yana raba zaruruwanta a daidai inda gaɓoɓinka ke lanƙwasa. Ta akuya takan kwanta cikin kwanaki ko makonni kaɗan. Ta doki mai matsakaicin kauri takan ɗauki wata ɗaya zuwa uku na sawa a kai a kai. Mai kauri ta jimar itace tana iya cin lokacin sanyi guda cur. Gwiwar hannu ce ke fara karyewa, sai bayan kafaɗa, ƙirji da kwala su zo a ƙarshe. Karin farko shi ne na dindindin, don haka ka bari jikinka ya yi shi. Kada ka dunƙule rigar ka zauna a kai, kada ka murɗe ta, domin karin da zai fito ba zai dace da gwiwarka ba, kuma fuskar fatar na iya rabuwa da naman cikinta ta yi kumfa-kumfa. Kwala ita kaɗai ce ke son taimakon hannu: ka riƙa naɗa ta a hankali da yatsu zuwa inda kake so ta kwanta, kada ka danne ta kamar karin guga. Ƙarar ƙiiƙii da sabuwar fata ke yi tana raguwa da kanta.

Ruwa kaɗan ba ya cutarwa. Yayyafi, ko ɗan feshin ruwa mai sanyi a hannuwa kafin ka sa, yana taimaka wa kari ya zauna, muddin ka bar rigar ta bushe a jikinka ko a hanga, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Ka fara gwadawa a wurin da ba a gani, saboda tabo. Ruwan zafi kuwa tsuke fata yake yi, ba buɗe ta ba. Ta jimar itace tana fara ƙanƙancewa tun daga zafin digiri 70 zuwa 85, kuma wannan ba ya warwaruwa. Ko bai kai haka ba, jiƙawa sharkaf yana wanke mai, ya zubar da rini a kan shafi, ya tsuke saƙar ulu, ya bar zif yana kwana-kwana saboda fata ta janye shi kuwa bai janye ba. Na'urar busar da kaya, hita da rana tsaka duk suna ƙona fatar da ta jiƙe.

Mai ma ka ajiye shi. Sabuwar fata cike take da nata daga majema, kuma shekara ɗaya zuwa biyu, sau da yawa fiye da haka, ba ta bukatar ƙari. In ka cika mata, zaruruwanta suna saki fiye da kima, ta yi lagwaf ta rasa siffa, launi ya dushe ya yi duhu, ƙura ta manne, fumfuna ta samu abinci. Sai ka ji ta bushe a hannu, ko ta fara yin fari-fari a kan kari, sannan ka ɗauki man fata na musamman ɗan kaɗan a ƙyalle, ka shafa siriri, ka bar shi ya kwana, ka goge. Farin hazo da ke fitowa a kan fata mai kaki lokacin sanyi ba fumfuna ba ne. In ka murza da yatsa mai ɗumi sai ya narke, kuma burushi mai laushi yana kawar da shi. Fumfuna tana da wari, tana fitowa ɗigo-ɗigo.

Ka rataye shi a hanga mai kaurin kafaɗa, santimita 4 zuwa 5, ba ta waya ba kuma ba a ƙusa ba, don nauyinsa yana huda siffar hangar a kafaɗa. Kada ka rufe shi a leda. Kada ka cusa waya da makullai a aljihun waje yayin da fatar ke koyon siffa, kumburin ba ya komawa. Gumi da man gashi suna cin kwala da shafin wuya, don haka riga mai kwala a ciki tana ƙara masa rai, kuma in yana da saƙar ulu ka kiyaye shi daga asu.

In bayan wata biyu ko uku wani abu bai yi ba, ga abin da ƙwararren mai ɗinkin fata zai iya: rage tsawon hannu, wanda yake da sauƙi a mai saƙa ko bakin hannu sake amma da wuya a mai zif, tsuke gefe da santimita 2 zuwa 4 gaba ɗaya, canza zif, saƙa ko shafi. Kafaɗa, ramin hammata, ƙarin tsawo da ƙarin faɗi ba sa cikin lissafi. Ka kai wa wanda ke da keken ɗinkin fata, wanda zai bi tsofaffin ramukan allura in ya sake ɗinki, domin sabon layin ramuka kusa da tsoho yana raunana fatar har ta yage a nan.